Muryar Malam Daga Kwandon Shara

Wani mutum ne a dangin mijina, ana ce masa Injiniya Mudi. Duk Malumfashi babu wanda ya san makarantar da ta ba shi injiniyancin nan. Abin da muka sani dai, ya taɓa zama a wani shagon buga takardu a Kaduna yana miƙa wa mai shagon takarda, kafin damina ta zagayo aka sallamo shi. Ya dawo gida da tabarau marar magani, da jaka mai zif, da wasu 'yan ƙananan abubuwan kwamfuta da yake ratayawa a wuya kamar layu. Tun daga lokacin, in ka kira shi Mudi kawai, ko waigowa ba zai yi ba.

Cika baki kuwa, sai dai a kauce masa. In waya ta ƙi kunnuwa a gidan suna, kafin mai ita ta gama bayani ya fizge. Ya danna nan, ya danna can, ya hura mata iska ta ramin caji, fuu, ya mayar mata da ita ta fi da lalacewa. Sai ya ce laifin kamfani ne, zai kira su ya wanke su tas. A faɗarsa, masu imel ɗin nan in aiki ya cushe musu shi suke nema. Har roƙonsa wai suka yi ya koma ƙasarsu da zama, ya ƙi, saboda ba ya iya kwana biyu bai ci tuwon dawa ba.

Ƙanin mijina ne, ubansu ɗaya. Amma in ka ga halinsu sai ka rantse ko a kasuwa ba su taɓa haɗuwa ba.

Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, direba ne a ma'aikatar gona har ya yi ritaya. Mutum ne da ba ya magana. In ya ce maka "to", ka gode wa Allah, ka samu hira. A wurin aiki ya koyi imel, kuma tun da aka taɓa zare masa waya a tasha ya ɗauki wata ɗabi'a: duk abin da yake gudun ya ɓace, sai ya aika wa kansa da kansa. Hoton jikoki, takardar asibiti, har hoton ragon layya. "Rumbuna ke nan," in ji shi. "Ɓarawo ya ɗauki waya, rumbu na nan."

Da ciwo ya ci ƙarfinsa an riga an sa ranar autarmu Rumasa'u, wadda muke kira Ruma, da wani yaro mai natsuwa, Nafi'u. Malam ya san ba zai ga ranar ba. Wata safiya ya ce, "Saude, riƙe min wayar nan kusa da bakina." Na riƙe. Ya yi wa Ruma nasihar da uba ke yi wa 'yarsa ranar da za a kai ta ɗakin miji. Ya aika muryar da aka ɗauka rumbunsa, ya nuna min inda take, ya ce kada ta ji sai ranar. Bai ƙara sati biyu ba ya cika.

Ina cikin takaba, wayar na ƙarƙashin matashina. Ban taɓa kunna muryar ba, ba zan iya ba. Ina dai buɗewa in ga saƙon yana nan, in rufe. Sai wata rana wani rubutu ya fara fitowa, wai wuri ya cika. Ina cikin juya ta a hannu sai ga Mudi ya shigo gaisuwa.

"Matar Yaya, me ya same ta?"

"Babu komai."

Caraf! Ya fizge.

"Kai! Kai! Kai! Wannan waya ai numfashi take da ƙyar. Dubi tarkacen da Yaya ya tara mata. Hoton rago? Mutum ya ajiye hoton ragon da aka cinye?"

"Mudi, ba ni. Akwai abin da ba na so a taɓa."

"Injiniya dai. Ki kwantar da hankalinki. Ni da na gyara ta manajan banki?"

Yatsansa na tafiya, tsit, tsit, tsit. Kafin in yunƙura daga kan tabarma ya miƙo min yana washe baki.

"Shi ke nan. Na kwashe su duka na zuba a kwandon shara. Kwandon ma na zazzage shi, don kada ya yi mata nauyi. Yawancin mutane nan suke mantawa. Ɗaga ki ji yadda ta yi sakayau."

Na duba. Fari fat, kamar farantin da aka suɗe. Babu jikoki, babu rago, babu saƙon Ruma.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba. Ranar da aka fita da Malam ban yi irin wannan kukan ba, don ranar na san akwai sauran muryarsa a ƙarƙashin matashina. Mata suka cika ɗakin. Gwaggo Yalwa, yayar su Malam, tsohuwar da ko liman ke shakkar bakinta, ta shigo tana dogara sanda. Da ta ji abin da ya faru ta dubi Mudi daga hula har takalmi.

"Kai Mudi, uban wa ya aike ka?"

Kun san abin da ya yi? Dariya. Wallahi dariya ya yi, har da riƙe ciki.

"Haba Yaya Yalwa! Wannan ne abin kuka? Abin da aka goge ai ba ya mutuwa, ɓuya yake yi. Ni kuwa na san gidan ɓuyarsa. Na taɓa dawo wa wani Alhaji da saƙon da ya goge tun kafin ya yi aure. In ban dawo da muryar Yaya ba, ku cire min Injiniya, ku kira ni Mudi har in mutu."

Da yamma Nafi'u ya zo gaishe ni. Ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, Mudi na hakimce a kan kujera yana kaɗa ƙafa. Yaron ya ji labari, ya ce a hankali, "Baba, na ji an ce in aka yi saurin rubuta wa kamfanin, wani lokaci sukan dawo wa mutum da abin da ya zubar. Amma wai ba a ɓata lokaci."

Mudi ya sauke tabarau zuwa kan hanci.

"Wa ke magana? Kai ne? Yaro, auren 'yata ka zo nema ko koya min aiki? Waɗanda kake cewa a rubuta wa, ni suke rubuto wa. Ko ka fasa auren ne?"

Me Nafi'u zai ce? A gaban suruki? Ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Shi ke nan aka rufe wannan ƙofa. Daga baya can, da yaron ya samu ya gwada, aka ce masa lokaci ya daɗe da wucewa.

Mudi ya jefa wayar a jakarsa mai zif, ya ce zai tafi da ita tiyata.

Tiyatar nan ta cinye sauran takabata. Duk lokacin da na aika, da amsar da za a kawo min.

"A gaya mata na gano unguwar da saƙon yake."

"A gaya mata yana hanya, sabis ne babu kyau."

"A gaya mata mutumin nawa na can ya tafi hutu, matarsa ta haihu."

Na fita takaba, biki ya matso. Ruma ta daina tambayata, sai dai in gan ta tana kallon ƙusar da babanta ke rataye hula. Wannan ya fi min tambayar ciwo. Na yafa mayafi na tafi gidan Mudi da kaina. Matarsa Hansai ta shimfiɗa min tabarma tana kauda ido. Shi kuwa ya fito yana sakace.

"Mudi, ka gaya min gaskiya. In ta tafi, ta tafi. Mun rasa mai muryar ma mun haƙura."

Ya dafe ƙirji kamar na soke shi.

"Matar Yaya! Ni? Ai tun shekaranjiya na kamo ta. Da hannuna na jawo ta, tana turjewa."

Na matso kusa da shi. "To kunna min."

"A'a! A'a! Kin ga irin taku. Abin da aka ciro daga shara sau ɗaya yake buɗuwa. In kika ji yanzu, Ruma ta rasa. Ranar kai amarya, a gaban kowa, zan fito da ita. Sai dai ki sani, muryar ta ɗan sha wahala a can. Kada ki ji ta ɗan canja ki ce wani abu."

Na san Mudi. Na san shi tun yana yawo ba wando. Amma wanda ya yi rashi, ko ƙarya aka miƙo masa sai ya riƙe ta da hannu biyu, ko Allah zai sa ta zama gaskiya. Na koma gida na ce wa Ruma an samu. Ta rungume ni tana kuka.

Kafin ranar, babu wanda Mudi bai gaya wa ba. Mai shayi ya sani, mai faci ya sani, masu zaman ƙofar masallaci sun sani. Har dangin ango ya aika wa, wai su zo da wuri su ga abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar Katsina.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, tsakar gidanmu ya cika maƙil. Iyaye maza a kan darduma ta gefen zaure, mata ta ɓangaren ɗakuna, dangin ango da suka zo ɗaukar amarya an ba su wuri a gaba. Aka fito da Ruma lulluɓe, aka zaunar da ita a gaban iyayenta. Ni ina bayanta, Gwaggo Yalwa na gefe da sandarta.

Sai ga Mudi. Babbar riga ta sha sitaci har tana ƙara, layun kwamfutarsa a waje don kowa ya gani. Ya sa aka jawo babbar lasifikar masu kiɗan biki aka haɗa ta da wayar Malam. Ya ɗaga hannu.

"Jama'a, a yi shiru. Abin da za ku gani yanzu, a Turai ma sai an biya kuɗin shiga. Wannan saƙo an goge shi. An zazzage kwandon. Masana sun ce ya tafi har abada." Ya harari inda abokan ango suke. "Har wasu yara sun so koya min aiki. To ku buɗe ido. Ga kwandon shara. Kun gani? Ga shi zan sa hannu. Bismillahi. Fito!"

Ya danna, ya ja da baya, ya harɗe hannuwa.

Lasifika ta yi ƙuuu. Sai aka ji wani nishi mai tsawo yana amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya. Sai tari. Uhum, uhum, uhuuum.

Mata suka ɗauki salati. Ruma ta fashe da kuka a cikin mayafi.

"Assalamu alaikum," in ji muryar, a shaƙe, tana rawa. "Ya ke 'yata Rumasa'u, sanyin idona, fitilar gidana, tauraruwar zuriyata..."

Jikina ya yi sanyi, amma ba irin sanyin da sauran matan suka ji ba. Na kwana kusa da muryar Malam tun ina yarinya har na yi furfura. Ko a mafarki bai taɓa cewa tauraruwa ba. Mutumin da in na yi masa girki mai daɗi iyakar yabonsa shi ne ya miƙo kwano a ƙara? Na dubi Gwaggo Yalwa. Ita ma ni take kallo, ta karkace baki.

Muryar ta ci gaba. "Ki bi mijinki. Ki yi haƙuri. Amma kafin komai, ki riƙe ƙanena Injiniya. Uhum, uhum. Ban bar muku gida ko gona da ta kai Injiniya ba. Yaron nan tun yana goye na ga alamar ilimi a goshinsa. Duk zuriyarmu babu kai irin nasa. Ni kaina in abu ya shige min duhu, wurinsa nake zuwa in durƙusa."

Mudi ya ciro hankici yana goge ƙasan tabarau, yana girgiza kai. "Allah sarki Yaya," yake cewa. "Allah sarki. Bai taɓa faɗa min a ido ba."

"Kuma ina wasiyya," in ji muryar, "babur ɗina a bar wa Injiniya. Da wannan wayar. Da rigata mai aska takwas, tunda tsawonmu ɗaya..."

Iyaye maza suka fara kallon juna. Wani dattijo cikin dangin ango ya gyara zama.

Sai aka ji bam! bam! bam! Daga cikin lasifikar. Ana dukan ƙofar langa-langa.

Wata murya ta mace ta fito tar, wadda duk wanda ke gidan ya sani: "Baban Walida! Wai me kake yi a banɗaki tun ɗazu? Yara za su makara!"

Kai ɗaya bayan ɗaya ya juya wajen Hansai, tana zaune da kwanon alkaki a cinya.

Mamacin ya daina nishi. Ya buɗe murya garau, lafiyayya, muryar Mudi da muka saba ji a gidan suna: "Ke Hansai, wace irin mace ce ke? Ina tsakiyar aiki! Yanzu kin sa sai na koma na faro tarin daga farko!"

"Wane aiki ne a masai?"

"Muryar Yaya nake yi! Nan ne take fita da amo."

"Muryar Yaya? Wallahi ba ta yi kama ba. Ni na zaci ɗan akuyar maƙwabta ne ya faɗa rami."

Mudi na tsakar gida ya daka tsalle. "Kashe! A kashe! Kai mai kiɗa, kashe!" Ya wawuri wayar yana dannawa da yatsu goma. Maimakon ta mutu sai ƙara ta ƙaru, har kajin maƙwabta suka watse. Hannun babbar riga ya harɗe shi, wayar ta suɓuce, ta yi tsalle a kan darduma, ta tsaya daidai gaban Gwaggo Yalwa.

Ya duƙa zai ɗauka. Ta ɗora sandarta a kan hannunsa.

"Bar shi," in ji ta. "Mamaci bai gama wasiyya ba."

Lasifika kuwa ba ta san kunya ba. "Ke dai rufe min baki," in ji Mudi na banɗaki. "Wa zai gane? Mata ne fa. Suna jin tari za su ɓarke da kuka, babu mai sauraron sauran. Ita Yaya Yalwa kunnenta ya tafi tun bara. Saude kuwa, in na ce mata muryar ta sha ƙura a shara, shi ke nan ta yarda."

"To dangin angon fa?"

"Waɗannan ƙauyawan? Su da suka zo cin shinkafa?"

Dattijon dangin ango ya ajiye cokalinsa a hankali.

"Ni dai ka fito, Walida na matse."

"Ta je gidan maƙwabta! Bari in goge wannan in sake. Ina ma abin gogewar yake... af, butar!" Sai ƙwaram, sai ruwa shaaa, sai Mudi na salati yana cewa wandonsa. Daga nan lasifika ta yi ɗif.

Ashe abin da ya yi, da ya ga babu muryar babu dalilinta, sai ya shiga banɗaki ya yi tasa. Ta farko Hansai ta ɓata, ya sake wata. Garin rawar kai duka biyun ya tura cikin imel ɗin Malam. Ya jefa ɓatacciyar a kwandon shara don ya rabu da ita. Sannan ya jefa mai kyan ita ma a kwandon, don ya ciro ta a gaban jama'a a ce ya yi abin mamaki. Mutumin da ya zazzage kwandon da bai kamata a taɓa ba, ya manta bai zazzage wanda ya kamata ba. Da ya sa hannu, sai ya ciro wadda ta dace da shi.

Wata 'yar dangin ango ce ta fara dariya, ƙyal, ta toshe baki da gyale. Sai ta kusa da ita. Sai gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Mai kiɗa ya kwanta a kan lasifikarsa yana dukan ƙasa. Iyaye maza suna ta "subhanallahi, subhanallahi", kafaɗunsu na rawa.

Mudi ya miƙe, gumi na bin sitacin rigarsa.

"Jama'a, ku tsaya! Wannan sananniyar matsala ce. A kwandon shara saƙonni kan gauraya. Na wani gidan ne ya shigo cikin na Yaya. Duk wanda ya yi karatu ya san haka!"

"Na wani gidan," in ji Gwaggo Yalwa. "Mai mata Hansai, da 'ya Walida. Kai Mudi, kunnen nawa da ya tafi tun bara, yau ya dawo biki. Hansai! Muryarki ce ko ba taki ba?"

Hansai ta dubi alkakin cinyarta. "Ni dai, Gwaggo, na gaya masa ba ta yi kama ba."

Aka sake kwashewa.

Ni ban yi dariya ba a lokacin. Ruma nake kallo. Ta daina kuka, ta sunkuyar da kai a cikin mayafi. An yi mata alkawarin babanta, an kawo mata ɗan akuya a rami.

A garinmu ba uwa ke wannan magana a gaban maza ba. Amma na matsa na dafa kanta, na ce, "A yi min haƙuri, iyayenta. Ni na riƙe wayar ranar da ya yi maganar. Muryar ta tafi, amma ban manta ko kalma ɗaya ba, don ba su da yawa."

Na gyara murya.

"Ruma, ga abin da babanki ya ce. Ya ce: 'Ruma, babanki ne. Ki yi salla a kan lokaci. In ranki ya ɓaci, ki ci abinci tukuna kafin ki yi magana. Ki riƙa leƙa uwarki, ba ta iya zaman kaɗaici ba, ko ta ce ta iya. Na yafe miki. Allah ya yi miki albarka.' Daga nan ya ce min, 'Kashe, Saude, kada caji ya ƙare.'"

Ruma ta yi wata 'yar dariya cikin kuka, ta kama hannuna ta ƙanƙame. "Shi ne," ta ce. "Wallahi Baba ne."

Gwaggo Yalwa ta share ido da bakin zane. "Wannan ɗan'uwana ne. Ko a gadon mutuwa yana tattalin caji." Ta sunkuya ta ɗauki wayar ta sa min a hannu. Dattijon dangin ango ya yi addu'a, aka shafa, aka tashi da amarya.

Ana cikin fita na hango Mudi yana bin jikin bango, yana neman zaure. Gwaggo ma ta hango shi.

"Ina zuwa, Mudi?"

Ya waiga. Karo na farko ke nan da na ga an kira shi Mudi kawai ya juyo.

"Tunda kai ne mai ciro abin da aka zubar," in ji ta, "ga mutuncinka can a kwandon shara. Sa hannu ka ce masa fito, mu gani."

Bai tsaya cin shinkafa ba. Takalminsa ma ƙafa ɗaya ya bari, washegari Walida ta zo ta ɗauka.

Babur yana nan a zaure, babban ɗanmu ke hawa. Rigar mai aska takwas na ba Nafi'u. Shi kuwa Mudi, alkawarin da ya yi cewa a cire masa Injiniya, gari ya cika masa, har da ƙari. Ba a koma kiransa Mudi ba. Marigayi ake ce masa. In ya wuce teburin mai shayi sai a ɗaga hannu a ce Allah ya kyauta makwanci. In ya yi tari a masallaci, sahu biyu sai sun sake salla don dariya.

Ya yi wata da watanni bai tako gidana ba. Sai ranar sunan ɗan Ruma, da ya ga babu makawa. Na ji sallama a ƙofa, ƙasa-ƙasa, kamar ta mai neman aron gishiri. Gidan cike da mata. Na gane muryar sarai, amma na ɗaga tawa yadda kowa zai ji.

"Wa ke sallama? Mai ran ne, ko na banɗakin?"